Biskit Ɗin Masu Ba da Jini

…kuma ba yunwa ba ce, Baba, wannan kam na sani. Da yunwa ce da ta tafi tun a ledar farko. Ga ni dai a tsaye a sito, tsakanin kwalayen safar hannu da na auduga, na murza makulli ta ciki, hannuna na cikin kwalin biskit ɗin masu ba da jini. Masu ba da jini fa. Mutum ya baro aikinsa, ya zo ya kwanta, a cika leda da jininsa kyauta, ya tashi jiri na ɗibarsa, a miƙa masa biskit da lemon kwali a ce ya zauna tukuna. Nasu ne. Ni aka ba makullin saboda a duk ɗakin gwaje-gwajen nan ni ce ba a taɓa samu da kuskure ko na tsinke ba. In ba a ba Sau-Ɗaya ba, wa za a ba?

Sunan da suke kirana da shi ke nan a asibitin nan, ai ka ji da kunnenka yau. Sau-Ɗaya. Jariri, tsohuwa, mai jiki, wanda ciwo ya tsotse — a miƙo min hannu kawai. In ɗaura roba, in lalubo da yatsa, allura ta shiga, jini ya biyo. Daga wasu ɗakunan ake aikowa: a kira mana ita, mun huda yaron nan har muryarsa ta dishe. In je, in yi, in fito, ba na tsayawa jin godiya. Godiyar me? Abin da ya kamata ne aka yi. Shekara da shekaru a haka, sai yau, sai hannunka.

Kana can ƙarshen barandar nan, gado na bakin taga, an sa maka rigar nan mai igiya ta baya, kana jira a gama da na gabanka a hau da kai ɗakin tiyata. Likita bai ɓoye mana ba, ni da Yaya. Zuciyar ta gaji, aikin babba ne, a irin shekarunka ba a yin alkawari. Da zan fito ka riƙo bakin rigata, ka ce, "Ki dawo kafin su tafi da ni." Na ce to. Tana nan, to ɗin, a maƙoshina, biskit sai bi yake ta kanta.

Zan je. Yanzu zan je. Bari dai in ƙarasa wannan ledar — ba a barin leda a buɗe, iska ta shiga ya yi laushi, wa za a ba? Ka ji hujja. Ni da nake gyara wa likitoci rubutu, irin hujjar da nake kawo wa kaina ke nan, kuma ina karɓa.

Sista ta ce a kira wani ya ɗebi jinin da za a gwada kafin aikin. A hankali ta faɗa, don ta san halina: ba a so mutum ya yi wa nasa. Na ce haba, Sista. Wa zan bari ya taɓa hannunka? Abokin aikina Malam Sannu-Sannu? Mutumin da sai ya ji labarin 'ya'yan majinyaci kaf kafin ya nemi jijiya, kuma ya nema ya rasa, ya yi dariya? Na sa safa, na jera kayana a faranti yadda nake jerawa, kwalba, auduga, filasta a yanke a gefe. Sai na ji ka juya wajen mutumin gadon kusa, mai ƙafa a rataye, kana cewa, "Ka ga wannan? 'Yata ce. Ba ta huda mutum sau biyu."

Yaushe ka sani? Wa ya faɗa maka? Ni dai ban taɓa… a gida ba ma irin wannan hirar. Furfura ta fara fito min a gefen kai, ban taɓa jin ka yabe ni a gaban wani ba, sai yau, da allura a hannuna. Kunnena ya ji, hannuna ma ya ji. Na soka. Jijiyar ta zille. Sirinji wayam. Na zare, na danna auduga. Ka miƙo ɗaya hannun tun kafin in tambaya. Na sake sokawa, ta fashe, ina kallo wurin ya taso, ya yi duhu a ƙarƙashin fata. Na manna filasta, ita ma a karkace — a karkace na manna ta, kuma na gani, kuma ban gyara ba.

Na sani fa. Tun jiya ba ka ci ba, ba ka sha ba, saboda aikin, kuma jikin da ba ruwa jijiyarsa kwanciya take. Ni nake koya wa sababbi wannan. Da wata ce ta yi, da na dafa kafaɗarta na ce ba laifinki ba ne, je ki sha iska ki dawo. Kowa zan iya faɗa wa haka. Ni ce dai maganar ba ta shafa ba.

Madarar gari. Gwangwanin shayin ma'aikata, ga shi a bayan kwalin sirinji, da cokali a ciki. Ba na ma son ta. Tana manne wa dasashi, tana shaƙe ni, sai in kora da lemo, lemon ya buɗe wa biskit hanya. Ba ɗanɗano nake ji ba. Yaushe rabon da in ji ɗanɗano? Wurin nan nake nema, can gaba, inda ciki ke cika har kai ya yi shiru. In ciki na ciwo ba a jin sauran. Kana can cikinka ba komai tun jiya, ina nan ina ɗura wa nawa… wace irin 'ya ce wannan?

Malam Sannu-Sannu aka kira. Ya shigo yana jan takalmi, ya gaishe ka, ya tambaye ka sana'a. Ka ce kafinta, a da. Ya ce to Baba, yau kai ne katakon. Ka yi dariya. Kai fa. Ya soka a bayan hannu, ya rasa. Shi ma ya rasa, Baba, ina tsaye ina kallo. Ya ce jijiyar Baba wasan ɓuya take ji, ya sake, ya samu, ya cika kwalba, ya yi gaba. Ga shi can yanzu, ina hango shi ta 'yar tagar sito, a gindin bishiya da direbobin motar asibiti, sun sa kwano a tsakiya, yana ba da labari da hannu ɗaya yana ci da ɗayan. Ya rasa jijiya, ya je ya ci abinci a zaune, a cikin mutane. Yaya ake yin haka? Da gaske nake tambaya, a ina ake koyar da shi?

Jira na yi ka ce sake. Wallahi jira na yi. Kalmarka ke nan, guda ɗaya, ba tsawa, ba duka, ba ka taɓa ɗaga mana hannu ba. Ka bi gefen kujera da babban yatsa, idonka a rufe, ka ji abin da ido ba ya gani, ka ce wa kanka sake, ka zare ƙusoshin abin da mai shi ya riga ya yaba. A gida ma yatsan ne. Ya bi bayan shara, ya bi layin littafina, ya bi karin gugar kayan makaranta. Sake. Kuma ba a zama cin abinci sai aiki ya yi daidai, don kai ma ba ka zama.

Yaya bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ya share tsakiyar ɗaki ya tura sauran ƙarƙashin gado, ka ce sake, ya ce to, ya wanke hannu ya zauna gaban kwano. Ka harare shi, ya ci, ya ƙoshi, har da gyatsa. Kuma ba abin da ya same shi. Har yau in ya so tsokanata cewa yake, ke da Baba ko gidan bene aka ba ku kyauta sai kun duba ko ƙofar ta miƙe. Ni ce na ɗauka. Ni ce nake goge shafi har takarda ta huje, in yage, in sake, ina jin ƙarar cokula daga ɗaya ɗakin, ina jin ana hira ba ni. Kafin in gama an tashi. Umma, Allah ya jiƙanta, ta rufe min nawa da faranti a kicin. In ci a tsaye, ya huce, da sauri-sauri, kar wani ya shigo ya ga wadda ta makara. In gama nawa in buɗe tukunya, in kankare abin da ya kama a gindi, in lasa murfi. Wani lokaci in ji tarinka daga waje, ƙasa-ƙasa, in yi maza in rufe tukunya in goge baki, ka wuce ba ka leƙo ba, in ce na sha. Ban san daɗi irin na wannan tsayuwar ba, ban kuma san kaɗaici irin nata ba. A kicin dai babu mai bin komai da yatsa.

To yau ba ka ce sake ba. Ka dubi kumburin, ka dube ni, ka ce, "Jijiyar ce ta tsufa, Uwata, ba hannunki ba." Uwata. Rabon da ka kira ni haka tun ina hawa kafaɗarka. Da sake ka ce, na san yadda zan yi da ita, na saba ɗaukarta. Wannan fa? A ina ake ajiye ta? Ka hana kanka uzuri, ka hana katako, ka tashe ni a kan babu uzuri, sai yau da aka sa maka riga mai igiya za ka miƙo min shi a gaban mutane? Haushi nake ji, Baba. Tsoro kuma nake ji, don mutum irinka ba ya laushi haka kawai. Sallama ce? Abin da kake so in dawo ka faɗa min ke nan?

Waya na rawa a aljihu. Yaya ne. Ba zan ɗauka ba, bakina a cike yake, zai ji. Ta tsaya. Ta sake. Saƙo: kina ina, sun ce a shirya. Ina zuwa — na rubuta, ban tura ba, yatsana ya bar maiƙo a gilashin.

Abincina na rana yana can cikin firjin ma'aikata, a 'yar roba mai murfi. Ganye, dafaffen ƙwai, rabin tuffa. A aune, kullum a aune. Su ce ke kam ba kya ci, shi ya sa jikinki yake yadda yake, ki koya mana mana. In yi murmushi. In rana ta tafi daidai — ban makara ba, ban ɓata kwalba ba, ba wanda ya ɗaga min gira — sai in ci abin robata, in wanke, in goge, in ji ni ma mutum ce. In kuwa ta karkace ko da kaɗan, to ta riga ta lalace, ni ban san rabin lalacewa ba. Ba kai ka ce ba a toshe tsaga da gam ba, zarewa ake a sake? Ranar da ta tsage ƙarasa ta nake, in ci har in kasa sunkuyawa, don gobe ta zo sabuwa fil. Gobe ba zan ci komai ba sai ruwa. Gobe zan sayo kwali in mayar yadda na saba, ba wanda zai sani. Gobe… kai fa, kana da goben nan da nake ta rabawa?

Mutumin nan mai shagon tabarau, wanda ya zo ya gaishe ka ka ce yana da natsuwa. Ya buɗe aljihun motata yana neman tishu, ledoji suka zubo masa a cinya, na biskit, na cakulan, na burodi, a murɗe a cushe. Ya yi 'yar dariya mai taushi, ya ce, "Ashe kina ci." Shi ke nan abin da ya ce, har tattarawa ya yi ya sa a aljihunsa don ya zubar min. Ya kira, ya kira, ya gaji. Ta yaya zan zauna da wanda ya gani? Yanzu gidana tsaf, kujera ɗaya ake zama a kai, kofi ɗaya ake wankewa, duk inda na ajiye abu nan zan same shi. In na dawo na yi sallama, firji ne ke amsawa da gurnaninsa.

Innalillahi — lemon. Ya zubo ta bakin kwali, ya gangara a gaban farar rigata, tun daga maɓalli na sama har aljihu. Ga garin madara a hannun riga, ga ɓarɓashi a wuya. A haka zan je? In tsaya a kanka a haka, Sista na kallo, mai ƙafa a rataye na kallo, wanda ka gama yi wa alfahari da ni? Akwai wata rigar a kabad ɗina, a goge, amma sai na ratsa ɗakin gwaje-gwaje. Sai na wanke baki. Sai na wanke fuska, ido ya washe. Sai cikin nan ya ɗan lafa, don ko miƙewa sosai ba na iyawa, maɓallin siket ya nutse a fata. Kaɗan kawai nake buƙata, in gyara, in zo maka daidai. Tun ina yarinya ba na fito maka da shafi sai na tabbata, yau ne zan fara? Ina goge tabon da auduga, yana ƙara faɗi. Hannun dama na gogewa, na hagu ya koma kwali. Ban aike shi ba.

Ƙarar taya. Na san ta. Gadon turawa ne, wanda tayarsa ɗaya ke kuka, da shi ake hawa da mutane sama. Daga ƙarshen baranda yake tahowa. Ba kai ba ne. Akwai wasu ai, akwai mai ƙafar, akwai… takun Yaya ke nan, mai jan dunduniya. Muryar Sista, a matsa, a ba mu hanya. Lif ɗin yana nan jikin sito, kuma ba ya zuwa da wuri, kowa ya san halinsa, sai an danna an tsaya. Kukan tayar ya ɗauke. A nan. Ina ganin inuwar ƙafafu ta ƙarƙashin ƙofa.

Yanzun nan na cika baki, madara da biskit, sun haɗe sun zama kwaɓi, ba ya gaba ba ya baya. In na tauna za ku ji. In na haɗiye zan ƙware, in yi tari, ku ji. Na tsaya da kumatu a cike, ina numfashi ta hanci a hankali, kamar ɓarauniya. Ai ita ce.

"Ba ta ɗauka," in ji Yaya. "Wataƙila an kira ta wani ɗakin ne. Ka san ta."

Sai muryarka, a sanyaye, maganin da suka ba ka ya fara jan ta. "Wa ya rataya ƙofar nan?"

Yaya ya yi dariya, irin wadda ake yi don kar a yi kuka. "Baba, yanzu ma?"

"A karkace take. Dubi samanta." Ka numfasa. "Ƙyale ta. Tana rufuwa ai."

Tana rufuwa, Baba, ni ce shaida. Kullum sai na ɗaga ta da gwiwa kafin makulli ya juya, kuma ban taɓa kai ƙara ba. A duk asibitin nan ita kaɗai ce abin da ya karkace ban nemi a gyara ba, don ita ce ke rufa min asiri. Katako ɗaya ne tsakanina da kai. In na miƙa hannu, da ba ƙofar, da na taɓa ƙarfen gadon. Bari in haɗiye kawai. Bari in karkaɗe wuyan rigar kawai. Bari…

"In ta zo," ka ce, "ka ce mata hannun bai yi ciwo ba."

Sai ka yi tari. Ƙasa-ƙasa.

Ba tarin ciwo ba ne, na san tarin ciwonka. Wannan na bakin kicin ne. Ko ba shi ba ne? Ko maƙoshinka ne ya bushe, tun jiya ba ruwa? Kana kwance, ka hango karkacewar ƙofa da magani a jikinka — takalmina fa, farare, a ƙarƙashinta? Idon nan da ba ya barin komai, duk shekarun nan, tukunyar da ake tararwa a kankare… ka sani? Tun can ka sani? Ba ka taɓa shigowa ba, ba ka kuma taɓa wucewa ba tare da ka yi tari ba. Ni kuwa ina cewa na sha. Lokaci kake ba ni in rufe, ko ce min kake ga ka nan a waje?

Lif ya yi ƙararrawa. Tayar ta fara kuka.

Audugar ta faɗi. Makulli, ina makulli, yana jiki, na murza — ya cije. Gwiwa. Ɗaga ta, ɗaga ta mana, yatsuna santsi suke. Ya juya. Na fizgo ƙofar, ledoji suka biyo iska suka watsu a baranda, ga ni a tsaye, tabo a ƙirji, gari a haɓa, kumatu a cike, wata mata mai ɗauke da kwando ta tsaya tana kallona. Ta kalla.

Ƙofofin lif suna haɗewa. Ina hango bayan Yaya. Gefen hular Sista. Fuskarka ba ta wannan ɓangaren, ban gan ta ba, ban san ko idonka a buɗe yake ba. Hannunka kawai na gani a kan bargo, da filastata a karkace, babban yatsan ɗaya hannun yana binta a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Bai ɓare ta ba. Shafawa kawai yake.

Sun haɗe. Ina jin sa yana hawa.

So nake in ce Baba. Sai na haɗiye tukuna… kuma ya ƙi wucewa.